Wuta Huɗu a Hanyar Dauran

Ku 'ya'yana da 'ya'yan ƙanena Mu'azu, na san abin da kuka taso kuna ji game da shi. Ba a faɗa a gabanku, amma kun ji. Kun ji an ce a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a an kore shi daga tasha saboda yana fataucin giya, kun kuma ji an ce ni, wansa uwa ɗaya uba ɗaya, na ba da shaidar da ta kada shi. Rabin maganar gaskiya ne. Zan rubuta muku ita yadda ta faru, tun ina da sauran gani.

Sana'ata wayarin mota ce, abin da ake kira rewaya. Rumfata tana bayan tashar mota a Kaura, ba nisa da layin dogo, kuma duk motar da ke bin hanyar Zurmi ko Shinkafi, da wuya a ce hannuna bai taɓa shiga cikinta ba. Mu'azu kuwa direba ne. Yana jan a-kori-kurar wani Alhaji mai hatsi, yana kwaso gero da wake daga ƙauyuka, ranar Alhamis ya nufi kasuwar Shinkafi. Lokacin hanya lafiya lau, mutum ya tsaya inda ya ga dama.

Shekarar nan mun yi murna, kada wani ya gaya muku akasin haka. An rufe gidajen giya, masallatai sun cika, mutanen da ban taɓa gani a sahu ba sun zama su ne a gaba. Amma tare da murnar wani abu ya shigo, wanda ba mu lura da shi ba sai da ya zauna daram: kowa ya koma lura da kowa. In mutum ya makara sallah, a tambaya ina ya je. In ya yi sabuwar riga, a tambaya ina ya samu. A tasha kuma raɗe-raɗi ya cika cewa akwai direbobin da ke shigo da kwalabe a ƙarƙashin buhuna, suna saukewa a daji, wasu su zo da babur su kwashe. Ba wanda ya ga an kama kowa, amma kowa yana da sunan da yake zargi a ransa.

A farkon daminar shekarar Mu'azu ya kawo mini motarsa, ya ce in gyara masa dabul. Dabul ita ce wutar nan da ake dannawa siginonin mota huɗu su riƙa ƙiftawa tare, gaba da baya, hagu da dama, don a san motar tana da matsala a kauce mata. Na yi mamaki, domin a cikin direbobinmu ba mai damuwa da ita. In mota ta lalace, ganye ake karyowa a jera a kan titi. Tasa ta yi shekara da shekaru a mace. Na sa mata sabon fis, na canza filasha, na tsabtace makunnin. Yana tsaye a kaina har na gama.

"Yaya, in an zare makulli tana ci?"

"Tana ci," na ce. "Ita ba ta bi ta makulli ba. Wayarta daga batir take kai tsaye, da fis ɗinta daban. An yi ta ne don motar da ta mutu."

"Kamar awa nawa za ta yi ba ta shanye batir ba?"

"Kai da za ka bar ta awa nawa?"

Ya yi dariya, ya ce tambaya ce kawai. Ban sa komai a raina ba a ranar. Daga baya ne tambayoyin nan biyu suka hana ni sukuni.

Ba a yi wata ba sai ga Malam Garba a rumfata. Malam Garba maƙwabcinmu ne, tela, yana cikin mutanen unguwa da suka ɗora wa kansu sa ido a kan masu saɓo. Ba mugu ba ne. Mutum ne da in ya yarda da abu, ya yarda ke nan. Ya zauna a kan bencina, muka gaisa har da tambayar Inna mahaifiyarmu, sannan ya ce yana da tambaya ta sana'a.

"Malam Lawwali, mota tana tsaye gehen hanya da rana tsaka, babu kowa ciki, babu makulli, amma wutarta huɗu na ƙibtawa. Mi ke nan?"

"An danna dabul ke nan."

"Wa aka yi ma?"

"Masu wucewa, don kada su buge ta."

"Ko kuma masu jira cikin daji, don su san kaya sun iso."

Na ɗago na dube shi. Ya ce an ga motar Mu'azu haka a hanyar Zurmi, gab da Dauran. Wani mai babur ya tsaya, ya yi sallama, ya leƙa, ba kowa. Ya jira ya gaji ya wuce. Na ce wataƙila ya zaga ne. Malam Garba ya ce shi ma haka ya fara cewa, amma mai zagawa ba ya shafe awa guda.

Bayan mako biyu aka sake ganinta, wannan karon a hanyar Shinkafi. Sai na uku, a hanyar Kasuwar Daji. Masu zargi suka ce ai ga shi nan, yana canza wuri don kada a yi masa kwanto. Na ukun ne ya fi muni, domin wani Bafulatani mai kiwo ya gan shi yana fitowa daga cikin sabara, yana tangaɗi, rigarsa duk ƙasa, idonsa jawur. Ya yi masa magana, amsar ta fito a karkace kamar harshensa ya yi nauyi. Bafulatanin bai faɗa da mugunta ba, labari ya bayar a wurin mai shayi. Kafin la'asar tasha duk ta ɗauka cewa Mu'azu ba ɗauka kawai yake yi ba, har taɓawa yake.

Ni ma sai na fara tara nawa. Na tuna cewa tun bazara ya daina ɗaukar ko mutum ɗaya a gaban mota, shi da a da in ya ga tsohuwa da kaya a hanya sai ya tsaya. Na tuna yadda yake dawowa wata rana ya shige ɗaki ya kwanta tun hantsi, matarsa Dije ta ce kansa ke ciwo. Na lura ya daina zama majalisa. Gida ɗaya muke a lokacin, sashensa yana kallon nawa, sai na tsinci kaina ina kallon tafiyarsa in ya shigo. Wata rana muna alwala na matsa kusa da shi da gangan don in ji warin bakinsa. Ban ji komai ba, amma maimakon hankalina ya kwanta, sai na ce a raina ai akwai goro, akwai citta. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka na yi.

A cikin gida kowa da abin da yake faɗa. Matata ta ce mata sun fara yin shiru in ta iso wurin biki. Dije ta daina fitowa tsakar gida sai in ba kowa. Inna kuwa ta kira ni ɗakinta, tana jan carbi, ba ta ko dube ni ba.

"Lawwali, ni na haihe shi. Mu'azu ba ya sha."

"Inna, to mi yake yi cikin daji?"

"Ban sani ba. Amma ba ya sha."

Da aka matsa masa da tambaya a tasha, Mu'azu ya ce wutar ce ke da matsala, tana kunna kanta in mota ta yi zafi, shi kuwa yakan tsaya ne ya huta a inuwa, bai ma san tana ci ba. Wannan amsar ce ta jawo ni cikin maganar, domin kowa ya san wanda ya gyara ta. Sarkin tasha ya aiko a kawo mini motar in duba, ranar Asabar kuma in zo in faɗi abin da na gani a gaban dattawan direbobi da Alhaji mai motar.

Ban taɓa duba mota da fatan in sami laifi a aikina ba sai ranar. Wuni guda na yi a kanta. Abin ba shi da wuyar ganewa. Wuta tana tasowa daga batir, ta bi ta fis, ta tsaya a makunni. In ba a danna ba, nan za ta tsaya. In an danna, makunnin ya haɗe layin hagu da na dama su zama ɗaya, ya tura wutar cikin filasha. Filasha ɗan gwangwani ne da ke ƙarƙashin sitiyari, a cikinsa akwai ɗan siririn ƙarfe. Wuta ta bi ta kansa ya yi zafi ya lanƙwashe, layi ya yanke, ƙwayayen fitilun su mutu. Ya huce ya miƙe, layi ya haɗu, su kama. Wannan ne ƙas-ƙas ɗin da kuke ji. Kafin dabul ta kunna kanta, sai dai in makunnin ya saki, ko ruwa ya shige shi, ko wata waya ta goge ta taɓa wata. Na kwance makunnin, a bushe yake, ƙarfensa da ƙarfi. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa har fitilun baya. Na bar injin yana aiki har ya yi zafi, na jijjiga motar, na bubbuga allon gaba da tafin hannu. Ba ta kama ba. Sai an sa yatsa an danna.

Da yamma Mu'azu ya zo ɗaukar mota. Na ja shi bayan rumfa.

"Babu abin da ya samu wutar nan. Kai ke danna ta."

Na matso kusa da shi, na rage murya.

"Mi kake ɗaukowa, Mu'azu? Wa kake kai ma?"

"Yaya, gobe ka ce makunnin ya saki. Kalma guda ce. Ba wanda zai ƙaryata ka."

"In yi ƙarya a gaban dattawa don in ruhe abin da ban sani ba? Hwaɗa mani gaskiya, ni da kai, sannan in san abin yi."

"Na rantse da Allah ban taɓa ɗaukar haram a motar nan ba."

"To mi kake yi cikin daji?"

Ya ce in dai ni ma na yarda da abin da ake faɗa, to ba sauran magana. Ya shiga mota ya tafi. Ni kuwa na ɗauki ƙin faɗar nan a matsayin amsa. Na ce a raina mai gaskiya ba ya roƙon a yi masa ƙarya.

Ranar Asabar aka shimfiɗa tabarmi a rumfar sarkin tasha bayan azahar. Mutane sun fi yadda na zata. Malam Garba yana gefe, Alhaji mai motar yana kan kujera, Mu'azu yana zaune shi kaɗai a tsakiya. Sarkin tasha ya ce mini ba kotu ba ce, amma Allah yana ji. Ya tambaye ni ko wutar tana iya ci babu makulli. Na ce tana iyawa, haka aka ƙera ta. Ya tambaya ko tana iya kunna kanta. Na ce a wata motar yana yiwuwa, in makunni ya lalace.

"A wagga motar hwa?"

Na dubi Mu'azu. Bai dube ni ba. Zan iya cewa ban tabbata ba, kuma da an bar maganar a nan. Amma ina jin idon mutane a kaina, na san in na kare shi gobe za a ce gidanmu duka ɗaya ne, a daina kawo mini aiki, a daina ba ni hannu a masallaci. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tsoron Allah ne kaɗai ya sa na yi magana. Akwai shi, amma akwai tsoron mutane a ciki, kuma ban san wanne ya fi yawa ba.

"A wagga motar sai an danna," na ce.

Aka juya ga Mu'azu, aka ce ya faɗi abin da ke tsayar da shi. Ya ce ba shi da abin faɗa. Ya ciro makulli daga aljihu, ya ajiye a gaban Alhaji, ya sa takalmansa ya fita. Ba a kai shi gaban alƙali ba, domin sau biyu an sauke masa kaya buhu-buhu ba a sami komai ba, kuma ba mai shaidar gani da ido. Amma ba wanda ya ƙara ba shi mota. Kafin kaka ya kwashe iyalinsa ya koma Dauran, gonar da mahaifinmu ya bari. Ranar da za su tashi ya shiga ya sallami Inna, ya wuce ta ƙofar sashena bai tsaya ba. Inna ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya.

Shekara biyu muka yi haka. In mun haɗu a jana'iza mu yi musafaha kamar baƙi. A kaka ta biyu Inna ta kwanta ciwo, ta ce ba aike take so ba, ni da ƙafata zan je in zo mata da ɗanta. Na hau babur na isa Dauran da hantsi. Aka ce yana gona. Na same shi shi da Dije suna ɗaurin gero. Ya amsa sallamata, ya tambayi jikin Inna, muna cikin magana sai na ga ya tsaya cak, yana murza hanci kamar mai jin wani wari. Ya ce, "Dije." Ita kuwa ba ta tambayi komai ba, ta yar da abin da ke hannunta, ta kawar da lauje da ƙafa. Ya taka zuwa gindin wata bishiya, ya kwanta da kansa. Sai jikinsa ya sandare, ya fara karkarwa, kumfa na fita a bakinsa.

Na yi kansa zan danne shi, Dije ta daka mini tsawa, ita da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba.

"Kada ka riƙe shi, Yaya! Bar shi, zai wuce."

Ta cire ɗankwalinta ta tura ƙarƙashin kansa, da ya lafa ta juya shi a gefe. Yana kwance yana numfashi da ƙarfi, ta ba ni labari ba tare da ta dube ni ba. Tun lokacin da ya faɗo daga saman lodi ya bugu a ƙeya abin ya fara, wata shida kafin ya kawo mini gyaran wutar. Kafin ya zo masa yakan ji wari kamar na ƙonannen gashi, ya san yana da ɗan lokaci kaɗan. Sai ya gangara gefen titi, ya danna wuta don kada a afka wa motar, ya zare makulli, ya shige daji inda ba mai ganinsa. Shi ya sa ya daina ɗaukar mutane. Ta ce ta roƙe shi ya faɗa a gaban dattawa, ya ƙi.

Da ya farfaɗo idonsa jawur ne, ya ciji harshensa, maganarsa na fita a karkace. Abin da Bafulatanin nan ya gani ke nan. Na zauna a ƙasa kusa da shi har hankalinsa ya dawo sosai. Na ce masa don me ya ɓoye.

"Ɗiya huɗu gare ni, Yaya, duk mata. Ɗiyar mashayi ana aurenta, a ce ubanta ya tuba. Ɗiyar mai hwarhwaɗiya wa zai zo nema? Cewa za a yi a jini take. Ko ƙwaryar ruwa ba za a sha da su ba."

Na ce ya yafe mini. Sai ya ce:

"Ba ka yi ƙarya ba rannan. Kuma tuƙin ya kamata in bari tun kahin nan, na sani, tsoron yunwa ya hana ni. Abin da ya tsaya mani a rai guda ne. Kowa ya tambaye ni mi nake ɗauka. Kai ma shi ka tambaya. Ba ka ce, Mu'azu, lahiyarka ƙalau?"

A gindin bishiyar nan ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa kowa ba, har Inna, sai ranar da aka kai autarsa Saratu ɗakin mijinta. Abin da na iya yi shi ne na riƙa ɗaukarsa a babur zuwa asibiti a Gusau, muna cewa kayan wayarin muke zuwa saye. Likita ya ce ciwon daga buguwar ne, ba a gadonsa, ba a kuma ɗaukarsa a ƙwarya ko a tabarma. Ya ba shi ƙwayoyi, abin ya ragu sosai. Na ce to yanzu mu faɗa. Ya ce likita ba shi zai zo neman auren 'ya'yansa ba.

Inna ta rasu ba ta sani ba, ko da yake har ta koma ga Allah ba ta canza maganarta a kansa ba. Shi ma Mu'azu ya rasu saura Saratu a gida. A wurin zaman makoki Malam Garba ya riƙe hannuna, da zuciya ɗaya, ya ce Allah Ya gafarta masa abin da ya yi a baya, ai an shaida ya shiryu a ƙarshe. Mutane suka ce amin. Ni ma na ce amin. A duk rayuwata ban taɓa furta kalmar da ta yi mini ɗaci kamar wannan ba.

Washegarin ranar da aka kai Saratu, ban je rumfa ba. Na wuce gidan Malam Garba. Ya tsufa, idonsa ya tafi, ya daina ɗinki, yana zaune a zaure a kan buzu. Na gaya masa komai tun daga farko, bai katse ni ba. Da na gama sai ya fara lalube a gefen buzun yana neman sandarsa.

"Dije tana nan da rai?"

Na ce tana nan, a Dauran.

"Tada babur ɗinka," ya ce. "Ka kai ni."